Jaka Biyu da Rabi

Hadarin daren Talata ya kayar da bedi
a bakin makarantar Bagalam,
saiwa a sama, kai cikin lambatu.
Da safe mai unguwa ya aiko a kira Nomau.

Nomau ubana ne.
Shekara ashirin zarton inji na kafaɗarsa,
daga Tibiri har bakin Madarunfa
ba wanda ya taɓa wasa masa sarƙa.
Magagari a dama, ido ɗaya a kanne,
yakan ce hannu ya san hanyarsa
yadda jaki ya san gida.

Amma ran nan na gani.
Inji na ruri, itace ko a jikinsa.
Maimakon ɓarɓashi mai faɗin farce
gari ke zuba, lilis, sai ka ce na tuwo.
Yanka ya ɗauko sak,
ya kai tsakiya ya karkace
kamar jinjirin wata.
Yara na bisa katanga suna kallo.
Ya share gumi, ya ce man gauraye ne.
Na yi shiru.

Na san ba mai ba ne.
Haƙoran gefe guda sun sha magagari har sun rame,
na ɗaya gefen shafa kawai aka yi musu,
don idon da yake bari a buɗe
yana ta fara sauko masa.

Wata uku ɗan ƙarfen na aljihuna.
Jaka biyu da rabi na ba mai kayan inji
da ke kawo su daga Jibiya.
Faɗinsa yatsa biyu,
magagari na kwanciya cikinsa kamar wuƙa a kube,
a bayansa an ja layi a karkace, an rubuta talatin.
Ranar da na nuna masa ko taɓawa bai yi ba.
Ya ce: sanda ai ta makaho ce.

Aka kira azahar, ya ɗauki buta.
Na sa gwiwa a ƙasa, na danne takobin zarto a kututture,
na ɗiga jan farcen Rakiya a haƙorin farko
kada in zagayo ban sani ba.
Na daidaita layi da takobi.
Turawa gaba, a ɗaga, a dawo,
ba a ja baya, baya cin ƙarfe ne a banza.
Ɗaya, biyu, uku.
Na tsallake ɗaya, na kama na gaba.
Wanda ya rame sau ɗaya ya ishe shi,
wanda ya yi ƙiba sai da ya sha bakwai
kafin ya yarda shi ma haƙori ne kamar kowa.
Na juya inji, na bi ɗaya gefen,
har ɗigon ja ya sake yi mini sallama.
Ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori
na rage masa kai kaɗan, don shi ke hana cizo.

Ya dawo, ya ja igiya.
Zarto ya nutse cikin bedi da kansa,
ɓarɓashi na tashi har cikin hular malamin makaranta.
Gungume ya faɗi, fuskarsa shafe kamar faifai.
Ya daɗe yana shafa ta da tafin hannu.
Sai ya ce: ka gani, man ya kwanta.

Cikin dare na ji ƙarar ƙarfe a zaure.
Na leƙa. Tocila a baki,
babban yatsa na laluben layin nan,
leɓe na motsi a gefen tocila,
ɗaya, biyu, uku.

Da asuba aljihuna wayam.
Ƙarƙashin tabarmata, jaka biyu da rabi
an naɗe cikin takardar siminti.
Ya ce in ɗauko galan, akwai gawo a Soumarana.